Baitin da Baba Jaji Bai Ƙarasa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, tara ga Shawwal, Allah ya karɓi ran Baba Jaji na unguwar Hindawiyya ta Jidda a ƙofar gidan biki, rawaninsa sharkaf da jini.

Baba, ni ne Haladu, wanda ya fi kowa shan sandarka a unguwar nan. Allo kaɗai na riƙe, amma dole in rubuta.

Tun kana saurayi a Nijeriya ka rera "Buɗe Mini, Mastura" a wani wasan dandali, inda masoyi ke roƙo a bakin ƙofa. Wasan ya mutu, waƙar ta biyo ka Jidda. Har yaran da Hausa ke yi wa wuya sun iya amshinta. Ta zama al'adarmu: ba a fitar da amarya sai ka rera a waje, mata sun amsa daga ciki, sannan a zare sakata.

Ni kuwa nakan laɓe bayanka ina kwaikwayonka da muryar akuya. Ranar da ka fasa mini goshi, kai ka kai ni aka ɗinke, ka saya mini gurasar tamis da waken ful. Ka ce, "Ɗan banza, kana da murya, iskanci ne ya rufe ta."

A bikin Fauziyya, abokan ango daga unguwar Sa'alaba suka ƙosa. Wani Nawaf a cikinsu ya ce, "Halas, tsoho, yalla! Motoci na jira." Ka ce saura baiti ɗaya. Ya bangaje ka. Samarinmu suka ɗaga kujeru, Nawaf ya zaro ƙarfen taya. Ka shiga tsakani kana cewa ku bari, ƙarfen ya sauka a ƙeyarka. Da kunnena na ji ƙarar ƙashin. Matan ciki ba su sani ba, suna ta amshi.

Askarawa sun kama Nawaf, amma bayan jana'iza na soke wuƙa a ƙugu, ƙannensa nake nema. Matarka Inna Kulu ta tare ni a matakala, ta kwaɗa mini mari.

"Fauziyya ta ƙi fita sai an ƙarasa waƙar. Garin tsokana kai kaɗai ka haddace ta. Ba ni wuƙar nan, mara kunya."

Na miƙa mata.

Jiya na tsaya inda ka faɗi, tabon bai gama fita ba, na rera baitin da muryata ta gaskiya. Aka zare sakata.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya buɗe maka ƙofar Aljanna ba jira. Inna Kulu da iyalai, Allah ya ba ku haƙuri. Amin.