Hular da Yaya Ya Saya a Gwanjo

Har yau in na ji ƙarar babur ta bayan gidanmu sai in tuna hular nan. Abin bai daɗe ba. Iyaka tana rufe a lokacin, masu babur na bin hanyar daji zuwa Konni da kaya, yayana yana cikinsu.

Wata ranar kasuwar Illela aka kwance dilar gwanjo, a tsakiyar riguna sai ga wasu huluna farare na roba, marasa nauyi, da gilashi a gaba da tiyo a ƙeya kamar wutsiya. Mai kayan ya ce hular kwano ce ta Turawa, sabon yayi, tiyon na shan iska ne. Masu babur suka wawashe. Yaya ya shigo gida da tasa a ka, kaji suka watse.

Inna ta ce, "Wanga mi na na? Ka koma awa akuyar da ta sa kai tulu."

"Inna, ke kinka ce in biɗi abin tsare kai. Ga shi."

Ya miƙo mini. "'Yar boko, duba muna." Na juya ta, na ƙwanƙwasa, na leƙa cikin tiyon, na ce ban san ta ba. Ya ce duk waken da na ci a makarantar kwana, hula ma ta gagare ni.

Wata rana wajen ƙauyen Araba jaki ya gitta masa, ya faɗi. Hular ta fashe kamar ƙwarya. A bayan a-kori-kura aka ɗauke shi zuwa asibiti a Sakkwato, aka ce in bi tunda ina jin Turanci. Inna ta ƙulle fasasshiyar hular a ɗankwali ta danƙa mini. A wajenmu in maciji ya sari mutum, ana tafiya da gawar macijin don mai magani ya ga irinsa. Haka ta ɗauki hular.

Aka shige da shi ɗakin tiyata bai san inda yake ba. Ina bakin ƙofa wata nas dattijuwa ta tambayi abin da na rungume. Na kwance. Ta ɗaga tiyon ta daɗe tana kallo.

"'Yata, ina kuka samo wannan?"

"Kasuwa, Mama. Hular babur ce."

Ta ce a'a, ta ɗakin tiyata ce. Ta taɓa ganin hotonta wajen wani kwas da aka tura ta. Likitocin ƙashi na ƙasashen waje ke sa ta, a jona tiyon da inji ya riƙa janye numfashinsu kada ya sauka kan ciwon da suka buɗe. "Ba don dutse aka yi ta ba. Maras lafiya take tsarewa."

Na ce ai yayana ne maras lafiyan, kuma a kansa take. Ta sake yi mini bayani a hankali, na gyaɗa kai, ban gane ba. Wani likita ya wuce da 'yar hular ƙyalle koriya. Na tambaye ta ina tasa ta robar. Ta ce su ko ɗaya ba su da ita. Na ce to ta yaya asibiti bai samu ba, ta zo Illela cikin tsofaffin riguna? Ta ce ita ma tambayar da take yi ke nan.

Da ya farfaɗo ya daɗe yana kallona kamar baƙuwa. Can ya ce, "'Yar boko, ina babur ɗina?" Na zauna a ƙasa ina kuka.

Ya rayu, amma kunnensa na hagu ya daina ji, jiri kuma ya hana shi hawa babur. Na gaya wa abokansa abin da nas ta ce. Ɗaya ya ce hular da likitan Turai ya yarda da ita ai ta fi ta kowa. Har yanzu suna wucewa ta bayan gidanmu da tiyonsu yana reto, Yaya na zaune a zaure ya juya musu kunnen dama.