Kwamfutar Marigayi Ta Yi Mana Sallama

Jama'a, yau mamaci ya yi mana sallama a ofishinmu na Rano.

Kwamfutar akawunmu, Malam Tukur, ta ƙi tashi tun rasuwarsa, ga ayyukanmu duk a ciki. Injiniya ya zo daga hedikwata, ya zauna, ya ce ma'ajiyarta ce ta rikice. Ya ɗora mata sabuwar manhaja, sai ta kawo haske.

Kawai muka ji gyaran muryar marigayin: "Salamu alaikum. Wa ya hau kujerata?"

Hajiya Talatu ta amsa sallamar, sannan ta dafe ƙirji tana salati!

Injiniya ya ce, "Ku kwantar da hankalinku, shi ya naɗi muryarsa don tsokana."

Amma wallahi a tsaye ya ƙarasa aikin.