Bangon da Na Ci a Kotu

Ni ba na son a taka mini haƙƙi ko da faɗin tafin hannu ne, kuma duk unguwarmu ta Moshi Zango a Kumasi an san ni da haka, shi ya sa wurin mai shayi ba a cika matsowa kusa da ni ba. Da mahaifina ya rasu ya bar mana gida, sai na ɗauko mai awon fili, wai in san iyakar abin da na gada. Ya ja igiyarsa, ya ce bangon maƙwabcinmu ya shigo filinmu da abin da bai kai taku ɗaya ba.

Maƙwabcin nan dattijo ne, abokin mahaifina, Baba muke ce masa tun muna yara. Da na ce zan kai shi kotu, mahaifiyata ta ce, "Ka bar bangon nan." Na ce, "Mma, ke ba ki san doka ba." Ta buɗe baki za ta ƙara wani abu, na riga na kai ƙofar gida.

A kotun farko aka kayar da ni. Mai hankali da nan ya tsaya. Ni kuwa na ɗaukaka ƙara, na yi ta barin shagon yadina a hannun matata ina zirga-zirga cikin babbar riga, har yaran tashar motocin haya na trotro suka fara ce mini lauya, ni kuma ina amsawa. Ranar da kotun ɗaukaka ƙara ta ce a rushe bango a mayar da shi kan iyaka, tun daga bakin titi na fara raba goro.

Na tarar da Mma a ɗakinta kan sallaya, ta jingina baya da bango. Ta saurare ni har na gama cika baki, sannan ta ƙwanƙwasa bangon da ɗan yatsa.

"Wannan da nake jingine da shi za a rushe?"

Ashe bango uku kawai mahaifina ya gina. Na huɗun ya roƙa a wurin Baba, ya ɗora katakon rufinsa a kai, ya shafe shi da shuɗin fenti, kamar yadda rabin gidajen Zango suke tsaye a jingine da juna. A ɗakin aka haife ni, amma duk rayuwata na ɗauka bango biyu ne manne da juna. Ga damina ta kawo kai, damina kuwa a Kumasi ba ta wasa da rufin da ba shi da madogara. Kunya ta kama ni, tsoro ya biyo baya.

Na garzaya wurin lauyana, wani Ba'asante mai Hausar kasuwa. Na ce ya koma ya ce wa alƙalan su sake duba hukuncinsu.

"Alhaji, kotu ya gama magana koraa, gaba ɗaya," in ji shi. "Ba safai yake lashe abin da ya tofar ba. In alƙalami ne ya zame, ko an yaudare shi, wataƙila. Wannan ma mu lauyoyi muna gardama a kai. To kai me zan ce musu? Mai ƙara ya ci, yana kuka?"

Na ce to kotun sama fa? Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce wanda aka kayar ne yake hawa sama. Hanya ɗaya ta rage: hukuncin nawa ne, in ni da Baba mun yarda, sai a bar bango a inda yake.

Na sami Baba a zaure, na durƙusa yadda ban taɓa durƙusa masa ba tun ina makarantar allo. Na ce na yafe.

"A'a, ɗana," ya ce, yana jan carbi a natse. "Ni ban taɓa saɓa wa hukuma ba. Ka kai ni gaban manya sau biyu, sun ce in ba ka ƙasarka. Zan ba ka."

Ranar da magina suka zo, kafin a ɗaga guduma, matar Baba ta shigo gidanmu ba ta ko kalle ni ba. Ta naɗe sallayar Mma, ta ɗauki butarta da akwatinta, ta kama hannunta suka fita. An tokare rufin da sanduna, bango ya faɗi, na tsaya ina kallon gadon mahaifiyata daga tsakar gidan mutane. A gaban ƙafata ga ƙasar da na ci, tsiri guda wanda ko akuya ba za ta kwanta a kai ta miƙe ba.

Na gina bangona, na kaina, na shafa masa shuɗin fenti irin na da. Na je ɗauko Mma, ta ce tana nan tukuna, ɗakin da suka ba ta ba ya yoyo.

Damina ta wuce, wata ta zo. Kullum da safe ina tsayawa a ƙofar mutumin da na kayar, in yi sallama, in jira a ba ni izini in gai da uwata.