Tafiyar Mushe da Tsakar Rana

Shekarar da maigidana ya ajiye alli, bayan shekara talatin yana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Tanut, a shekarar hawan jini ya kama shi. Majo, babban ma'aikacin jinya, ya auna shi a likita, ya sake aunawa, sannan ya faɗa mana ƙiri-ƙiri: magani kaɗai ba zai yi ba, sai ya riƙa takawa da ƙafa rabin awa kullum, in ba haka ba wata rana ɓarin jikinsa zai shanye. Wansa haka ya yi, shekara biyu a kwance kafin ya cika. Tun daga ranar ban ƙara barci mai daɗi ba.

Na ce to, tafiya ce kawai, me ya fi ta sauƙi? Ashe ban san garinmu ba. Rabin 'yan kabu-kabun Tanut ta ajinsa suka bi. Safiyar farko bai kai bakin kasuwa ba wani ya ci birki: "Mushe, kai da ƙafa ina raye? Hau!" Mushe ake ce wa malamin lakwal a wajenmu. Maigidana ya yi bayani, mutumin ya rantse sai ya hau. Minti goma sai ga shi an sauke mini shi a ƙofar gida, yana gyara hula. Washegari ma haka. A rana ta uku wata maƙwabciya ta shigo tana rage murya, wai ko lafiya, an ga Mushe yana yawo ba inda za shi. Ya ji ta daga ɗaki. Washegari da safe bai fita ba.

Ni duk a zatona ya daina ne, har ina yi masa mita. Ban san ya canza lokaci ba. Bayan azahar, sa'ad da kowa ya shige inuwa, ni ma na ɗan kishingiɗa, sai ya sulale.

Tsakiyar damina ce. Mu mutanen Damargu zafin bazara muka sani, wanda zufa ke bushewa kafin ka share ta. Na damina daban ne, munafuki ne. An yi ruwa da safe, rana ta buɗe, ƙasa tana turiri, ko ganye ba ya motsi, zane yana manne wa mutum a baya. Ran nan gumi ya tashe ni, na leƙa ɗakinsa ba kowa. Takalmansa ba su nan. Gorar ruwansa na rataye a inda take, cike.

Na figi mayafi na fita, ban ma san wane takalmi na sa ba. Mai shagon kan kwana ya ce ya ga wucewarsa ta hanyar gonaki, da babbar riga. Babbar riga, jama'a! A wannan zafin! Ina tafe ina faɗa ni kaɗai, ina faɗan ina Innalillahi. Gero ya yi tsawo, ba na hango komai, sai in ƙwala "Malam!" in tsaya in saurara.

A gindin wata aduwa na same shi zaune, ya jingina, wata Bafillatana mai tallar nono tana tsaye a kansa tana yi masa fifita da faifai. Jikinsa zau kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Ya dube ni ya ce, "Yara sun shiga aji?"

Bafillatanar ce ta yi ta maza, ta ce, "Inna, cire masa rigar nan!" Muka tuɓe masa ita, muka jiƙa mayafina da ruwan gorarta muka shafe masa kai da wuya da hammata, muna ta fifita. Wani mai amalanken jaki da ke dawowa daga gona ya kai mu likita.

An yi masa ƙarin ruwa, zuwa la'asar ya gane ni. Majo bai raga masa ba. Ya ce, "Mushe, na ce ka taka, ban ce ka kashe kanka ba. A damina zufa ba ta bushewa, jiki ba ya hucewa. Bayan asuba za ka fita, ko dab da magariba, da riga mara nauyi, da ruwa a hannu. Ka ji jiri ko ciwon kai, nemi inuwa ka zauna." Malam ya juya fuska ga bango ya ce shi ya gama tafiya, abin da Allah ya rubuta ya same shi.

Ana gudun gara an faɗa wa zago ke nan. In ya fita da rana zafi ya kashe shi, in ya zauna ya bi sawun wansa. Kwana biyu ina juya abin, na kasa cin tuwo. A na uku, ban gaya masa ba, na nufi tashar 'yan kabu-kabu, ni da ban taɓa tsayawa cikin maza na ɗaga murya ba. Na ce, "Ku saurara. Duk wanda ya ƙara ɗaukar Mushe da safe, shi ya kashe mini miji, kuma ban yafe ba!" Wani ya ce, "Mama, girmamawa ce." Na ce, "Riƙe abarka. Ku gaishe shi ku wuce."

Da kyar na lallashe shi ya fita bayan asuba, da 'yar shara da gorarsa. Na tsaya a zaure, ko tsintsiya na kasa ɗauka, duk ƙarar moto sai in leƙa waje. Rabin awa cif ya dawo da ƙafarsa, zufa kaɗan a goshi, numfashi daidai. Na yi hamdala har da hawaye.

Ya zauna bakin tabarma. Can ya ce, "Shekara talatin ina koya musu karatu. Yau ko mutum ɗaya bai tsaya mini ba."

Na zuba masa koko na ce ya sha tun da zafinsa. Har yau yana fita, jinin ya sauka, kuma har yau ban gaya masa ba.