Matar da Ke Sauraron Abin da Masu Neman Jini Ke Rubutawa

Kullum ita ce ta farko da ke hawa matakalar ofishin, wani ɗaki mai tebur huɗu a saman kantin magani. Takan ajiye jaka, ta kunna fanka, ta goge tabarau da gefen mayafi, sannan ta buɗe kwamfuta. Kafin ruwan shayi ya tafasa ta riga ta soma: ta rubuta kalma a rumbun da ake sauke manhajojin waya, ta duba abin da ya fito, ta goge, ta rubuta wata. "Neman jini." "Mai ba da jini kusa da ni." "Jini gaggawa." A gida Maman Biyu ake ce mata, a ofis kuwa Anti. A ƙarshen watan jiya ta ajiye wannan aiki bayan shekaru masu yawa, ba don ta so ba.

Manhajar tasu aikinta ɗaya: ta haɗa wanda ke da mara lafiya a asibiti da mutanen kusa da suka yarda su ba da jini kyauta. Wasu ne suka gina ta. Aikin Anti shi ne a gan ta. Rumbun manhajoji kasuwa ce da ba a zagaya ta. Mutum ya rubuta abin da yake so, a jero masa, ya danna na sama-sama ya wuce. Wanda aka tura can ƙasa, tamkar babu shi. Gurbin da ake ba kowace manhaja ta sa kalmomin da za a lalubo ta da su ɗan kaɗan ne, don haka sai an zaɓa, kuma duk kalmar da ta shiga ta kori wata.

Takan auna kowace kalma kamar mai sayen zinariya. Mutum nawa ke rubuta ta? Manhajoji nawa ke kokawa a kanta? Wanda ya rubuta ta, mu yake nema ko wani abu dabam? Akwai lokacin da "hawan jini" ta janyo musu jama'a tuli, shugaban ofis ya yi ta murna. Anti ta bi diddigi ta ga masu saukewar ba sa kwana da ita suke gogewa, don maganin hawan jini suka zo nema. Ta ce a cire.

"Haba Anti," in ji shugaban, "masu tallafa mana yawan jama'a suke kallo."

"Yallaɓai, jama'ar da suka yi ɓatan hanya ne. Gurbin da suka tare, na mai haihuwa ne."

Ya ce ta yi yadda ta ga ya dace. Wannan shekarar tallafin ya ragu, aka sallami mutum ɗaya daga ofis. Ba wanda ya ce laifinta ne, amma ba wanda ya ce ba laifinta ba ne, kuma da wannan ta ci gaba da zama da su.

Abin da ya fi tsaya mata a rai ya faru ne wata ranar Talata da hantsi. Wani direban motar haya ya hawo matakala, rigarsa da busasshen jini a hannu, waya a tafinsa. Bai yi sallama ba.

"Ku ne masu jinin?"

Anti ta miƙe ta ce, "Mu ne, Malam. Zauna."

"Ba zama na zo yi ba. Jiya matata ta haihu, jini ya ɓalle mata. Na sauke abinku, kuka ce mutum biyu na hanya. Ina tsaye bakin ƙofa ina kallon titi har ta cika. Ina mutum biyun?"

Ta karɓi wayar da hannu biyu. Manhajar da ke ciki ba tasu ba ce. Ta jabu ce, an kwaikwayi launinsu da alamarsu, an ɗan sauya sunan, ba ta da mai ba da jini ko ɗaya, lambobin mutane kawai take tarawa. Ta roƙe shi ya nuna mata abin da ya rubuta. Yana nan bai goge ba: "matata na zubar da jini". Ta jabun ce a sama. Tasu sai da ta ja allon ta sake ja kafin ta gan ta.

Anti ta san wannan jimla. Watanni kaɗan kafin nan ta auna ta, na'urar ƙididdiga ta nuna masu rubuta ta ba su da yawa, sai ta cire ta sa wata mai jama'a. Bisa ƙa'idar sana'a daidai ta yi. Ba ta ɓoye masa komai ba. Ta faɗa masa wannan ba tasu ba ce, ta kuma faɗa masa dalilin da ya sa bai ga tasu ba. Mutumin ya karɓi wayarsa.

"To yanzu jaririn wa zan kai wa wannan bayanin?"

Ya sauka, ba su sake ganinsa ba. Wanda ke teburin gefenta ya ce ranar ba ta yi kuka ba, ba ta ci abinci ba, ba ta kuma taɓa kwamfutar ba har aka tashi.

Ke ce, Anti, wadda ta dawo washegari. Da yawa da sun nemi wani aiki, inda kuskure ba ya wuce asarar talla. Ke kuwa kika ɗauki jaka kika nufi asibiti.

Daga nan ta daina dogara da ƙididdiga ita kaɗai. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce da farko ta ɗauka mai jiran mara lafiya ce, don kullum tana kan bencin da ke bakin ɗakin ajiye jini. Ba ta tunkarar kowa cikin tashin hankali. Sai ƙura ta lafa, ta yi wa mutum sannu, ta miƙa masa ruwa, sannan ta tambaya a hankali, "Baba, da kuka ɗauki waya, me kuka fara rubutawa?" A nan ta gane mai firgici ba ya rubuta kalmar da ta dace. Yana rubuta abin da ke gabansa ne, harafi na tsallake harafi. "Yarona sikila ba jini." "Hatsari jini." "A taimaka." Ta koma ta sake jera komai. Kalmar da mutum ɗaya ke rubutawa a bakin ɗakin tiyata ta ɗora ta sama da wadda dubu ke rubutawa suna kishingiɗe a falo.

Ta kuma sa masu jabun a gaba. Ta tara shaida, ta yi ta kai ƙara ga masu rumbun har aka cire ta jabun. Ba a jima ba suka dawo da sabon suna. Ta sake kai ƙara, suka sake dawowa. Har ta bar aiki ba ta gama da su ba, kuma ta san ba za ta gama ba.

Aikin ya bi ta gida. Maigidanta, tela ne mai barkwanci, yakan ce, "Maman Biyu, in na ce ki miƙo min almakashi sai ki tambaye ni me ya sa ban ce reza ba. Ni ma auna ni ake yi?" Takan yi dariya, amma dariyar ba ta nisa. Tagwayen sun girma sun saba ganin uwarsu ta tsaya cak tana tsaka da wanke-wanke don ta ji maƙwabciya ta faɗi wata kalma da ba ta taɓa gwadawa ba.

Maigidan ne ya fara lura tana karo da gefen ƙofa. Likita ya duba ya ce jijiyar idon tana mutuwa daga gefe zuwa ciki, abin da ya tafi ba ya dawowa, kuma hasken allo na ƙara wa ciwon gudu. Ta ƙara girman rubutu, ta matso da kujera, ta ja wasu watanni a haka. Ranar da ta karanta wata kalma ba daidai ba har sau biyu, ta rufe kwamfutar da kanta ta je gaban shugaban.

"Yallaɓai, a nemi wani. Wannan ba aikin da ake yi da lalube ba ne."

Ba a yi taro ba. Babu wanda jini ya cece shi da ya zo yi mata ban kwana, don babu wanda ya san da ita. Wanda matarsa ta tashi yakan gode wa likita, ya gode wa wanda ya miƙa hannu aka ɗebi jininsa, kuma sun cancanta. Ba ya sanin akwai wata da ta zauna ta hango abin da zai rubuta tun kafin masifar ta same shi, ta share masa hanya.

Ke ce mai share hanyar, Anti. Ke ce kika tsaya gaban mutumin da ya rasa matarsa kika faɗa masa gaskiya alhali kina da mafita mai sauƙi. Ke ce kika ba da idonki a inda wasu ke ba da jininsu. Mun gode. Allah ya tsayar da ciwon a inda ya kai, ya bar miki abin da za ki ga jikokinki da shi, ya saka miki da abin da mu ba za mu iya ba.

Ga masu irin wannan sana'a kuwa, matasa masu kaifin ido da ke ɗaga manhajojin wasa da na saye-saye zuwa sama, ku sani har yau ba a cike gurbinta ba, kuma tun tafiyarta manhajar ta fara zamewa ƙasa. Aikin ba shi da suna, ba shi da tafi, albashinsa ba na alfahari ba ne. Amma yanzu haka da kuke karanta wannan, wani yana tsaye a barandar asibiti ya ciro waya, an ce masa ya nemo jini kafin awa ɗaya. Abin da zai fara gani ya rataya ne a kan wanda ya yarda ya zauna a wannan kujera.