Malam Tsado, Wanda Ya Nuna Mini Ruwan Minna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga watan Oktoba, 2025, bayan sallar azahar, ɗana Suleiman ya shigo ɗakina ya durƙusa ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago kai sai ya ce, "Baba, sai haƙuri. Allah ya yi wa Malam Tsado rasuwa." Haka labarin tafiyarka ya same ni, Malam Tsado mai gyaran keken ɗinki na Sauka Kahuta, bayan jinyar da duk ba mu ɗauke ta da zafi ba. Kafin magariba mun raka ka makwancinka.

Mutanen Minna sun san ka a shagonka, tabarau a kan hanci, teloli sun yi maka layi. Ni kuwa a bakin ruwa na san ka, kuma abin da ya haɗa mu nake so in faɗa tun ina da sauran numfashi.

Ni mutumin Yawuri ne, a cikin jirgin ruwa na girma. Da mai ɗakina ta rasu, ga hawan jini ya sa ni gaba, sai Suleiman da ke aiki a Maikunkele ya ɗauko ni ya kawo ni gidansa. Bai rage ni da komai ba, amma ban ji daɗin garin nan ba ko kaɗan. Duk inda na duba duwatsu ne. Na daina cin abincin kirki, na rame, kullum maganata ɗaya ce: a mayar da ni gida. Shi kuma ya san can ba kowa sai ɗakuna a rufe, in na faɗi ba mai ɗaga ni. Muka zama uba da ɗa ba ma iya haɗa ido.

Wata safiya haushi ya ishe ni, na ɗauki birgina, ragar jifa da na taho da ita daga gida, na hau acaɓa zuwa kogin Chanchaga. Na zaɓi inda ruwa ya fi faɗi, kamar yadda muke yi a namu kogin, na ware hannu na watsa. Ragar ta buɗe gwanin sha'awa. Wajen janyowa ne ta ƙi, domin ƙasan ruwan duk tsaguwar dutse ne. Na ja, na sake ja, abin da ya fito rabin raga ne. Sai na ji ana dariya a bayana, har da tari. Kai ne zaune ƙarƙashin bishiya da 'yar sandarka ta kamu.

"Baba, wannan hannu na babban ruwa ne," ka ce. "Daga ina?"

Na ce Yawuri. Ka ce kai Banufe ne daga wani ƙauyen bakin kogi a ƙasar Bida, kuma shekarar da ka zo Minna taka ragar ma a nan ta mutu. Na ce ashe ruwan da muka gama wanke ƙafa a ciki kuke sha a can ƙasa. Ka ce shi ya sa ku kuka fi mu haƙuri. Tsiyar da muka fara ke nan, ba mu kuwa daina ba har Allah ya raba.

Na zaci za ka nuna mini wuri ka ce ga kifi nan. Ba haka kake aiki ba. Asabar ta zagayo ka goya ni a babur muka nufi Garatu, muka wuce rafi ba ka ko kalle shi ba, muka shiga gona. Ka tsugunna ka gaida mai gonar, wani dattijon Bagware mai suna Zamani, ka tambayi doyarsa, ka tambayi ƙafar matarsa da ke ciwo, har na fara ƙosawa. Sai da hira ta yi nisa shi da kansa ya ce ruwa ya fara ja baya, tarwaɗa ta taru a ramin da ke ƙarƙashin kuka. A hanya ka ce da ni, "Baƙo ba ya neman kifi a ruwa. Mai gona ya san shi, mata masu wanki sun san shi. Ka gaishe su, su za su gaya maka." Da muka dawo kuma sai da ka zaɓi mafi girma a cikin kamun ka ajiye a ƙofar Zamani.

Daga nan ka koya mini sauran. Mu kwaɓa dusa da laka mu dunƙula, mu jefa a gurbi ɗaya 'yan kwanaki a jere ba tare da mun saka ƙugiya ba, har karfasa ta saba da wurin. Ni da na saba kwasa da raga, wannan ciyar da kifi kyauta ya yi mini kama da wauta, na kuwa faɗa maka. Ka ce in jira. Ranar da muka saka ƙugiya da tana, hannuna ne ya gaji. Ka nuna mini inda ƙaramin rafi ke zuba cikin babba bayan an ɗauke ruwan sama, da inuwar dutse inda kurungu ke laɓewa da rana. In mai ƙwai ta kamu, ka cire ta a hankali ka mayar, ko da ita kaɗai muka samu.

Ban san lokacin da na soma cin tuwo har da neman ƙari ba. Na wayi gari ina da waɗanda zan gaisar a Garatu, da waɗanda ke aiko mini da saƙon cewa ruwa ya kwanta. Sai bayan rasuwarka Suleiman ya gaya mini cewa kai ne kake tsayawa wurinsa kana tambayar ko na sha magani, kuma duk ranar da ka ga fuskata ba daidai ba, kai kake ƙirƙiro gajiya mu koma gida da wuri. Ni ina ta yi maka gorin ragwanci, kana dariya kana amsawa. Wannan ya sa ni kuka fiye da ranar jana'iza.

Bayan addu'ar uku Suleiman ya zauna kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa, ya ce in har yanzu ina son komawa Yawuri ba zai ƙara hana ni ba, tunda wanda ke riƙe da ni ya tafi. Na ce masa ba inda za ni. A garin nan na binne aminina, a garin nan nake da kabarin da zan ziyarta, kuma ina roƙon Allah in tawa ta zo a haƙa mini kusa da naka. Yaron ya kifa kansa a gwiwata kamar lokacin yana ƙarami.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Hajiya Mariyamu, wadda ta sha soya kamunmu ba ta taɓa nuna gajiya ba, da 'ya'yanka Zikrullahi da Aziza, da 'yan'uwa na Bida, da telolin Sauka Kahuta, da Zamani wanda ya taka har gidan makoki da sandarsa. Allah ya ba mu haƙurin rashi. Allah ya jiƙan ka, Malam Tsado, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka. Yadda ka tarbi baƙo ka ɗebe masa kewa, Allah ya tarbe ka da rahama, kada ya bar ka da kewa a inda ka sauka. Amin.

Maiwada Yawuri,
Sauka Kahuta, Minna.