Albasar Bishara

Har yau ban manta da Lahadin da aka shigo da albasa cocinmu na Jega ba. Ba a daɗe da ƙirƙiro Jihar Kebbi ba, ni kuma a lokacin ni ne sakataren ikilisiya, wato mai rubuta abin da dattawa suka yanke ko da bai gane dalilinsa ba. Yawancinmu baƙi ne da aikin gwamnati ya kawo, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan sanda.

Ga yadda tsarin yake, don ku matasa ku sani. Kowane rani, kafin ruwa ya sauka, ikilisiya kan tura 'yan mutane kaɗan fita bishara ta ɗan gajeren lokaci zuwa ƙauyukan da ke da masu bi amma ba su da fasto. Kwamitin bishara ne ke zaɓen masu tafiya. Guzuri da kuɗin mota kuwa daga baiko na musamman suke fitowa, kowa ya kawo abin da ya samu, a yi gwanjonsa bayan sujada. Akwai kuma doka ɗaya da muke alfahari da ita: wanda ya je bara ba zai je bana ba, don kowa ya samu rabonsa na albarka.

Dokar nan ce ta faɗa kan Mama Rifkatu, wata gwauruwa mai sayar da ƙosai a bakin tasha. Ita ta je bara, wani ƙauye gaba da Maiyama, ciki can bayan an bar kwalta an tsallake rafi. A can ta samu wata tsohuwa makauniya, Kaka Lami, wadda ta riƙe mata hannu ta ce ta dawo ta sake karanta mata Littafi kafin Allah ya ɗauke ta. Mama Rifkatu ta yi alkawari. Ta zo ta faɗa wa kwamiti, ta ce tsohuwar ba ta da ƙarfin jiran wani rani. Shugaban kwamiti, Dattijo Bitrus, hedimasta ne mai son tsari, ya yi mata bayani cikin tausayi cewa doka ba ta san alkawari ba. Aka zaɓi wasu ma'aikata, waɗanda in ka dubi fuskarsu da aka kira sunansu sai ka ɗauka tara aka ci su.

Ranar baikon, wani ɗan'uwa da ke noman rani a Aliero ya kawo buhunan albasa cike da a-kori-kura. Aka yi tafi, aka yi waƙar godiya. Ana shirin gwanjo sai Dattijo Bitrus ya miƙe ya ce lokacin kakar albasa ne, ta yi arha, zunubi ne a yi wasa da kayan Ubangiji. A ajiye ta ta ɗan yi tsada, sai a ninka yawan masu tafiya. Kowa ya ga hikima a ciki. Muka jibge ta a ɗakin ajiya na bayan coci, mai rufin kwano, ba taga, muka sa kwaɗo biyu saboda ɓarayi.

Daga nan taron kwamiti ya canza kama. Mukan buɗe da addu'a a gaggauce, sai a tambayi yadda kasuwar Aliero ta tashi. Mutanen da ba su taɓa dasa ko yabanya ba suka koma masana. In farashi ya hau, a ce mu ƙara haƙuri tunda Ubangiji ya fara amsawa. In ya sauka, a ce ai ba a sayarwa a kan faɗuwa. Waɗanda aka zaɓa kuwa ba wanda ya taɓa ƙorafin jinkiri. Mai ƙorafin ɗaya ce, Mama Rifkatu, wadda ba ta ma cikin tafiyar. Duk Lahadi takan tare ni a ƙofa ta ce ko saƙo ne a kai wa tsohuwar, ga hadari ya fara haɗuwa, in rafin nan ya kawo shi ke nan sai bayan damina.

Ni ake aika wa wurin dillalinmu, Alhaji Ummaru, mai lodin albasa zuwa kudu. Zuwana na ƙarshe ya dube ni ya ce, "Malam, wai mi kuka jira? Ku saishe ta ku tai wa'azinku. Ni ban san aikinku ba, amma na san albasa, ba ta zama ɗaki ruhe."

Na kai maganar gaban kwamiti. Sai wani ya ce dama dillali me zai ce in ba a sayar ba.

Warin ne ya yanke mana shawara. Ya fara shigowa lokacin wa'azi, mata suna toshe hanci da gyale, fasto yana gajarta addu'a. Da muka buɗe ɗakin, ruwa baƙi ne ya fara gaishe mu. Abin da aka tsinta mai kyau bai kai kuɗin wanke ɗakin ba. A makon ne kuma ruwan farko ya sauka, kwamiti ya ɗage fitar bana cikin baƙin ciki, waɗansu kuma cikin baƙin cikin da bai hana su murmushi ba.

Sai a sannan muka lura teburin ƙosai babu kowa. Ashe tun kafin ruwan Mama Rifkatu ta ɗaure Littafinta a zane ta je ta samu Alhaji Ummaru. Ya sa ta a gaban motar lodinsa, ya ce wa direba ya sauke ta a mararrabar ƙauyen, ya kuma hana shi karɓar ko sisi. Ta tsallake rafi, rafi ya kawo a bayanta. Ta samu Kaka Lami da rai, ta yi ta karanta mata har ta rasu a tsakiyar damina, ita ta yi mata wanka. Ba ta dawo ba sai da gero ya nuna.

Da ta dawo, kwamiti ya zauna a kan ko za a tsawata mata saboda ta je sau biyu a jere. Aka daɗe ana muhawara, sannan aka yafe mata, aka kuma umarce ni in sanar cewa ikilisiya ta tura mai bishara ɗaya a wannan shekara. Dattijo Bitrus ya tambaye ta ko akwai abin da ta kashe a hanya, don a duba yiwuwar biya.

Ta ce, "Babu, Baba. Alhaji ma ya ba ni albasa cikin ƙwarya, ya ce in kai wa tsohuwa ta sa a miya."

Na yi shekaru a aikin nan, kuma abin da na koya shi ne kwamiti ya iya tsare kayan Allah har su ruɓe a hannunsa. Duk albasar da muka tara da waƙa da tafi, wadda ta je bishara a shekarar nan ta Alhaji Ummaru ce.